Binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa

Binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa reshe ne na ilimin tonon kayan tarihi. Yana nazarin abubuwan da mutanen dā suka bari a cikin teku, koguna, tafkuna da fadamu. An fi saninsa da nazarin jiragen ruwan da suka nutse, amma ya haɗa da garuruwan da ruwa ya ci, tsofaffin tashoshin jiragen ruwa, da kwale-kwalen da laka ta binne. Ya zama fannin jami'a mai digiri da farfesoshi ne daga shekarun 1960, kuma ana danganta kafuwarsa da aikin Ba'amurke George Bass a gaɓar tekun Turkiyya.

Ko da yake Arewacin Najeriya ba ta da teku, a nan aka samu jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a nahiyar Afirka, wato kwale-kwalen Dufuna na Jihar Yobe, mai kimanin shekara 8,000. Babu wanda ya yi nutso wajen fito da shi, daga ramin rijiya aka fara ganinsa. Duk da haka masana na sanya shi cikin wannan fanni, domin ba iya nutso ne ke sa a kira mutum masaninsa ba. Abin da ake nema shi ne sanin yadda ake auna abin da ruwa ya adana, a rubuta inda aka same shi, a gano shekarunsa, sannan a hana shi lalacewa bayan an fito da shi.

Dalilin da ya sa ake neman tarihi a cikin ruwa

A tudu, itace da fata da igiya da tufa ba sa daɗewa. Gara da ruwan sama da rana sukan gama da su cikin 'yan shekaru, shi ya sa mai tono a kufai yakan tarar da katangar tukwane da duwatsun niƙa da kashin ƙarfe kawai. A ƙarƙashin ruwa kuwa, idan laka ko yumɓu ya rufe abu ya hana iskar oksijin shiga, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da itace ba sa iya aiki sosai. Abin da ya rage a fili a cikin teku mai ɗumi shi ne ke ɓacewa, saboda akwai wata tsutsa mai cin katako kamar yadda gara ke yi.

Dalili na biyu shi ne, kufai yakan tara kayan zuriyoyi da yawa a cakuɗe, amma jirgi rana ɗaya yake nutsewa. Duk abin da aka samu a cikinsa, daga hajar fatake zuwa tukunyar girkin matuƙa, an yi amfani da shi a lokaci guda. Wannan na ba masana damar daidaita shekarun kayan da aka samu a wasu wurare.

George Bass da kafuwar fannin

Kafin 1960 an sha ɗebo kayan tarihi daga teku. A 1900 masu nutson neman sosan teku sun gano wani tsohon jirgi kusa da tsibirin Antikitera na Girka, aka kwaso gumakan tagulla da na dutse. A 1943 Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar numfashi mai tulun iska da ake goyawa a baya, wadda ta ba mutum damar yawo a ƙasan ruwa ba tare da an zuro masa bututu daga sama ba. Amma a duk wannan lokaci masanin tarihi a kan jirgi yake zama, masu nutso suna miƙo masa abin da suka ga dama. Inda aka ɗauko abu, da abin da ke kusa da shi, duk sun tafi a banza.

An haifi George Fletcher Bass ranar 9 ga Disamba 1932 a Jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Ya yi karatu a Jami'ar Johns Hopkins da kuma makarantar nazarin tarihin Girka ta Amurkawa da ke Atina, sannan ya shiga Jami'ar Pensilbeniya don digiri na uku. Yana ɗalibi aka kawo labari daga wani ɗan jarida, Peter Throckmorton, cewa masu neman soso na Turkiyya sun san inda wani jirgi mai ɗauke da jan ƙarfe yake kwance a Kef Gelidoniya, a kudancin ƙasar. Jami'ar ta nemi Bass ya jagoranci aikin. Bai iya nutso ba, sai da ya ɗauki 'yan darussa a wani wurin iyo a birnin Filadelfiya kafin ya tafi.

A 1960 shi da tawagarsa, cikinsu har da Baturiyar Ingila Honor Frost da Bafaranshe Frédéric Dumas, suka tone jirgin a zurfin kimanin mita 27. Shi ne tsohon jirgi na farko da aka tone baki ɗaya a ƙasan teku ƙarƙashin masanin da ke sauka da kansa. Jirgin ya nutse ne wajen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S). Daga ma'aunan nauyi da kayan matuƙan, Bass ya kawo hujjar cewa jirgin na mutanen Gabas ta Tsakiya ne, na yankin Sham ko Kubrus, alhali manyan malamai na lokacin sun ɗauka Girkawa ne ke riƙe da fataucin tekun. Da yawansu ba su karɓi maganarsa ba. Ya sami digirinsa na uku a 1964, ya wallafa littafinsa Archaeology Under Water a 1966.

Daga 1961 zuwa 1964 ya tone wani jirgin Rumawa na ƙarni na 7 a Yassi Ada. A farkon shekarun 1970 ya bar kujerarsa a Pensilbeniya ya kafa cibiyar nazarin tsofaffin jiragen ruwa, wadda ta koma Jami'ar Texas A&M a 1976, inda aka buɗe karatun digiri na biyu da na uku a fannin. Tsakanin 1977 da 1979 cibiyar ta tone jirgin Serce Limani, wanda ya nutse wajen 1025 Miladiyya da kimanin tan 3 na fasasshen gilashi daga ƙasar Sham ta zamanin Fatimiyyawa. Haɗa waɗannan ɓaraguzai ya ci shekaru, amma ya samar da ɗaya daga manyan tarin gilashin Musulunci na wancan zamani.

Aikin da ya fi fito da sunan cibiyar shi ne na Uluburun. Wani mai neman soso ne ya gano wurin a 1982, aka tone shi daga 1984 zuwa 1994, da farko ƙarƙashin Bass, daga baya ƙarƙashin ɗalibinsa Cemal Pulak. An yi nutso fiye da sau 22,000 a zurfin da ya wuce mita 44. Jirgin na ƙarshen ƙarni na 14 ne kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗauke da tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza, wato daidai haɗin da ake yi wajen samar da tagulla. Akwai kuma hauren giwa, haƙoran dorina, ƙwan jimina, baƙin itace na Afirka, da ɗan hatimin zinariya mai sunan sarauniya Nefertiti ta Masar. Wannan kaya ya ƙarfafa abin da Bass ya faɗa tun yana saurayi game da fataken Gabas ta Tsakiya. Ya rasu ranar 2 ga Maris 2021.

Yadda ake aikin

Ana fara nema ne da tambayar masunta da masu nutso na gari, da karanta tsofaffin takardu. Gelidoniya da Uluburun duk talakawa masu neman abinci ne suka nuna su. Bayan haka sai a ja na'urar sona a bayan jirgi, mai aika sauti zuwa ƙasan ruwa ta zana hotonsa, da wata mai jin maganaɗisun ƙarfe. Idan an samu wuri, akan shimfiɗa ma'aunin murabba'i a kansa, a ɗauki hoto, a ba kowane abu lamba kafin a taɓa shi. Yashi da laka ana zuƙe su da bututu.

Lokaci ne babbar matsala. Jikin mai nutso yana shan iskar naitirojin gwargwadon zurfi da daɗewa, idan ya taso da gaggawa sai iskar ta yi kumfa a jininsa, ta iya shanye masa jiki ko ta kashe shi. A Uluburun kowane mutum kimanin minti 20 yake yi a ƙasa, sau biyu a rana.

Abin da ya fi tono tsada da ɗaukar lokaci shi ne adanawa. Itacen da ya daɗe a ruwa ya rasa yawancin naman jikinsa, ruwan da ke cikinsa ne ke riƙe da siffarsa. Idan aka bar shi ya bushe a rana, sai ya tsuke, ya tsage, ya murɗe, kuma ba ya komawa yadda yake. Maganin da aka fi amfani da shi wani sinadari ne mai kama da kakin zuma, ana ce masa PEG, wanda ke shiga a hankali ya maye gurbin ruwan. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa, wanda ya nutse a 1628 aka ɗago shi a 1961, shekara 17 aka yi ana fesa masa wannan sinadari. Ƙarfe da tukwanen da suka sha gishirin teku su ma sai an jiƙa su a ruwan daɗi wata da watanni. Don haka ƙwararru ba sa ɗago abu sai sun san inda za a ajiye shi da wanda zai biya kuɗin kula da shi.

Kwale-kwalen Dufuna

Dufuna ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Fune, tsakanin Potiskum da Gashuwa, kusa da kogin Komadugu Gana. A watan Mayun 1987, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Borno (sai a 1991 aka ƙirƙiri Yobe), wani makiyayi Bafillatani, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya don shayar da shanunsa sai ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin kusan mita 5. Da ya ga itace ne sassaƙaƙƙe, sai ya sanar da shugabannin gari, magana ta kai ga hukuma. Da ya fasa itacen ya ci gaba da haƙarsa, da babu wanda zai san da shi.

Jami'ar Maiduguri ce ta fara duba wurin a 1989 da 1990, ta hannun masanin kayan tarihi Abubakar Garba na Cibiyar Nazarin Hulɗar Ƙetare Sahara. An tabbatar cewa kwale-kwale ne, aka ɗebi ɗan guntun itacen don gwaji. A lokacin jami'ar tana da yarjejeniyar bincike da Jami'ar Frankfurt ta Jamus kan tarihin al'adu da harsuna da muhallin yankin Tafkin Cadi, wannan ya kawo Peter Breunig cikin aikin. A 1994 tawagar haɗin gwiwa ta Garba da Breunig ta buɗe wurin baki ɗaya, da leburori 50 da suka yi mako biyu suna haƙa.

Sun tarar da kwale-kwalen kwance a kan yashi, jiƙe sharkaf, ga yumɓu hawa-hawa a samansa wanda ya toshe iska. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kimanin rabin mita, kaurin jikinsa kimanin santimita 5. Daga gungumen itace guda aka fafe shi, na dangin maɗaci. Goshinsa da bayansa duk an fiƙe su sun yi tsini.

An auna shekarun itacen da gwajin kabon-14. Kowane abu mai rai yana shan wani nau'in kabon da ke raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 5,730 daga ranar da abin ya mutu, don haka abin da ya rage a jikin itace yana nuna lokacin da aka sare shi. Ɗakunan gwaji biyu a Jamus, na Kil da na Kolon, sun ba da shekara 7,264 da ragi ko ƙarin 55, da kuma shekara 7,670 da ragi ko ƙarin 110. Waɗannan shekarun gwaji ne, sai an daidaita su da shekarun kalanda. Bayan daidaitawa sun faɗa tsakanin kimanin 6500 da 6000 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan kwale-kwalen ya girmi jirgin Fir'auna Khufu, wanda aka tono kusa da dalar Giza a 1954, da fiye da shekara 3,500. A duniya ma yana cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa. Na Pesse a ƙasar Holan, wanda aka samu a 1955, ya girme shi, amma bai kai mita 3 ba, kuma sassaƙarsa ba ta kai ta Dufuna kyau ba. Breunig ya ja hankali kan wannan: aikin da ya kai haka ba na 'yan koyo ba ne, alama ce ta sana'ar da ta riga ta daɗe kafin a sari wannan bishiya.

Abin lura, a lokacin babu ƙarfe. Masassaƙin yau yana da gatari da gizago na maƙera, amma wanda ya fafe gungume mai tsawon mita 8 har jikinsa ya koma santimita 5 bai huda shi ba, da kayan dutse ya yi. Garba ya wallafa maƙala a 1996 inda ya duba ƙirar kwale-kwalen ta fuskar yadda masassaƙan wannan zamani ke aikinsu. Breunig ma ya fitar da nasa bayanin a wannan shekara, a kundin taron masana kayan tarihi na Afirka da aka yi a Harare.

Tambayar da kowa ke yi ita ce me kwale-kwale yake yi a wurin da yau ake haƙa rijiya don shanu. Amsar tana cikin tarihin yanayi. A wancan zamani damina ta fi ta yanzu ƙarfi nesa ba kusa ba, Sahara tana da ciyawa da tafkuna, Tafkin Cadi kuma ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, kusan girman Tekun Kasfiyan. Tsohuwar gaɓarsa tana nan har yau, ita ce tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri, kuma a kansa, a Konduga, tawagar Frankfurt da Maiduguri ta samu tukwane masu fiye da shekara 6,000. Dufuna na cikin yankin koguna da fadamun da ke zuba a wannan babban tafki. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, Paul Sereno ya gano a 2000 maƙabartar wasu masunta na kusan wannan zamani, da māsun kamun kifi na ƙashi da ƙasusuwan manyan kifaye. Tun a 1974 John Sutton, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, ya rubuta cewa an taɓa yin wata rayuwa ta su da farautar ruwa da ta miƙe daga yammacin Sahara zuwa Kogin Nilu da arewacin Kenya. An yi ta muhawara kan ko al'umma guda ce ko al'ummu ne daban masu sana'a iri ɗaya. Abin da Dufuna ya ƙara shi ne jirgin kansa.

Daga baya an kai kwale-kwalen Damaturu, yana hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Breunig kuwa ya koma binciken al'adar Nok daga 2005, yana da sansani a Janjala cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna. A can ne 'yan bindiga suka sace shi da abokin aikinsa a Fabrairun 2017, suka kashe mutanen gari biyu da suka bi sawunsu, aka sako su bayan 'yan kwanaki. Rikicin Boko Haram ma ya riga ya sa aikin tono ya yi wuya a yawancin yankin Tafkin Cadi.

Kogin Neja da Tafkin Kainji

Kogin Neja yana da nasa jiragen da suka halaka. A farkon 1806 Mungo Park ya mutu a Busa, bayan ya wuce Yawuri a jirgin da ya haɗa daga kwale-kwale ya sa wa suna Joliba. A watan Oktoban 1857 jirgin tururi mai suna Dayspring, wanda ke ɗauke da William Baikie da Samuel Ajayi Crowther, ya daki dutse ya fashe a Jebba. Mutanen sun tsira, suka yi kusan shekara a gaɓar kogi suna jiran wani jirgi. Cikinsu akwai John Glover, wanda daga baya, a 1863, ya kafa rundunar Hausawa a Legas da ake ɗauka ita ce tushen sojan Najeriya. An ajiye ragowar injin jirgin a Jebba.

Da aka gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ruwa ya rufe tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa, aka kwashe jama'a zuwa sababbin matsugunai. Kafin ruwan ya taru an yi aikin ceton kayan tarihi cikin gaggawa, wanda masana irin su Robert Soper, Donald Hartle da David Breternitz suka shiga. Abin da ba su kai gare shi ba yana ƙarƙashin tafkin.

Gaɓar tekun Afirka ta Yamma

A 2003 Gregory Cook, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Syracuse ƙarƙashin Christopher DeCorse, ya bi gaɓar Elmina ta Ghana da na'urar sona, ya gano wani jirgin fatauci na Turawa. Ruwan wurin duhu ne, sau da yawa da lalube ake aiki. An samu mundayen tagulla da ake ciniki da su, tasoshin tagulla jere cikin juna, duwatsun ado da wuri. Ana kyautata zaton jirgin kamfanin Holan ne mai suna Groeningen, wanda ya kama wuta ya nutse a 1647. Wannan kaya ba baƙo ba ne ga tarihin ƙasar Hausa: yawancin wurin da aka yi ciniki da shi a Afirka ta Yamma daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya ya fito, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce.

A Senegal, Ibrahima Thiaw na Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar, wanda ya daɗe yana tono a tsibirin Gore, ya koyi nutso tare da ɗalibansa don neman jiragen cinikin bayi. Yana aiki da wata haɗakar cibiyoyi ta ƙasa da ƙasa, wadda a 2015 ta sanar da gano jirgin Fotugal mai suna São José kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Jirgin ya taso daga Mozambik da bayi sama da 500, ya fashe a Disambar 1794, fiye da 200 suka mutu, waɗanda suka tsira aka sayar da su a garin. Sandunan ƙarfen da ake sa wa jirgi don daidaita nauyi suna cikin abubuwan da suka taimaka wajen gane shi.

Hanyar karatu da aiki

Ƙa'idar da Bass ya bari ita ce ya fi sauƙi a koya wa masanin tarihi nutso da a koya wa mai nutso tarihi. Saboda haka hanyar tana farawa da digirin farko a ilimin tonon kayan tarihi. A Najeriya ana yinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Ibadan, Jami'ar Najeriya ta Nsukka da Jami'ar Jos. Nan ɗalibi ke koyon karanta hawa-hawan ƙasa, zanen taswira, rarraba tukwane da rubuta rahoto. Ƙwarewa a ɓangaren ruwa tana zuwa ne a digiri na biyu da na uku. Sanannun wurarenta sun haɗa da Texas A&M da East Carolina a Amurka, Southampton a Ingila, Flinders a Ostareliya, da cibiyar da ke Jami'ar Iskandariyya a Masar. Ana buƙatar takardar shaidar nutso da ta lafiyar jiki, amma ba kowa ke nutso ba. Akwai masu adana kaya a ɗakin gwaji, masu nazarin itace da irin shuke-shuke, masu sarrafa na'urorin bincike, da masu karanta tsofaffin takardu.

Wannan ɓangare na ƙarshe ana iya fara shi a cikin garin Kaduna, arewa da kogi. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon tana riƙe da fayilolin lardunan tsohuwar Jihar Arewa, har da na lardunan da ke bakin Neja da Binuwai. Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna, cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975, yana da gumakan Nok da sauran kayan tono.

Guraben aiki ba su da yawa ko a ƙasashen da suka ci gaba. Wanda ya gama yakan nemi koyarwa a jami'a, ko aiki a gidan tarihi, ko hukumar kula da kayan gado, ko kamfanonin da ke duba ƙasan ruwa kafin a gina tasha ko a shimfiɗa bututu. Ci gaban malamin jami'a ya dogara ga wallafa sakamako, kuma a wannan fanni sakamako yana jinkiri. Tonon wata uku yakan jawo aikin ɗakin gwaji na shekaru: cikakken rahoton Yassi Ada sai a 1982 ya fito, shekara 18 bayan kammala tonon.

Doka da masu farautar dukiya

Babban abokin hamayyar fannin shi ne mai ɗebo kaya don sayarwa. A 1998 an gano wani jirgi mai ƙirar Larabawa na ƙarni na 9 kusa da tsibirin Belitung na Indonesiya, ɗauke da kwanukan Sin kimanin 60,000. Kamfanin kasuwanci ne ya kwashe kayan aka sayar, kuma saboda sukar masana cibiyar Smithsonian ta Amurka ta fasa baje kolin da ta shirya. A kan tudu Najeriya ta ga irin wannan ɓarna a wuraren Nok, inda masu haƙar sata suka fasa wurare da yawa don fitar da gumaka zuwa kasuwannin Turai.

A Najeriya dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta hana tono ba tare da izininta ba, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci kayan tarihi ya kai rahoto. Wannan ya shafi masu haƙar rijiya da masu ɗibar yashi a bakin koguna, waɗanda su ne suka fi kowa yiwuwar cin karo da irin abin da aka samu a Dufuna. Matakin farko ga wanda ya ga tsohon itace sassaƙaƙƙe a cikin laka shi ne kada ya ciro shi, ya mayar da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya rufe.

Hukumar UNESCO ta amince da yarjejeniyar kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa a Nuwamban 2001, ta fara aiki a Janairun 2009, Najeriya kuma ta rattaba amincewarta a 2005. Yarjejeniyar ta hana cinikin irin waɗannan kaya, ta ce barin abu a inda yake shi ne zaɓin farko kafin a yi tunanin ɗago shi. Tana aiki ne kan abin da ya yi aƙalla shekara 100 a cikin ruwa. A wannan lissafi, tsohuwar Busa za ta cika sharaɗin a 2068.